Manajata ta ce aikina bai kai “scratch” ba, me take nufi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah malaman Turanci na wannan zaure ku taimaka min, magana ce ta tsaya min a rai tun jiya. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a arewacin Ingila, wata huɗu ke nan, kuma aikin dare nake yi. Jiya da safe na tashi aiki, har na sa rigar sanyi na rataya jaka, sai manajarmu ta tare ni a bakin ofis. Tana murmushi ta ce tsofaffin suna jin daɗina, ta yaba haƙurin da nake yi da wata tsohuwa mai ciwon mantuwa, sannan ta ce bayanan da nake rubutawa “are not quite up to scratch”. Ta dafa kafaɗata ta wuce. Ni a sanina scratch susa ce ko karce. Na dawo gida na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Faɗa ta yi min ko shawara? Har yanzu ina cikin wata shidan gwaji, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Nura Fagge: Wa alaikumus salam Anti. Ki kwantar da hankalinki, ma'anarsa kawai bai yi kyau sosai ba. Tunda har ta sa “not quite” ai kaɗan ya rage. Da abin babba ne ba za ta faɗa tana murmushi ba.

Hajiya Binta: Nura, kada ka sa ta saki jiki. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a ƙasar nan, kuma na ga waɗanda murmushin nan ya yaudara. Maman Ilham ƙanwata, Baturen Ingila ba ya son faɗar magana mai ɗaci tsirara, sai ya naɗe ta. Wannan “not quite” ɗin mayafi ne, ladabi ne, ba awo ba ne. Idan shugabarki ta tsayar da ke takanas ta faɗi haka alhali kina lokacin gwaji, to gargaɗi ne, ta dai yi shi cikin mutunci. Ban ce ki tsorata ba. Amma kada ki bari a kai ranar zaman tantancewa ba ki koma wurinta ba. Kin san bizar irin aikinmu a ɗaure take da wanda ya ɗauke mu, idan aiki ya ƙare yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani mai ɗaukar nauyinsa. Don haka maganar da za a share ba ce.

Maman Ilham: Innalillahi. Hajiya abin da zuciyata ke faɗa min ke nan. Na gode da kika fito min a mutum.

Malam Habu: Bismillah. Hajiya ta riga ta ba ki abin da ya fi muhimmanci, ni bari in kawo asalin maganar, domin idan kika san daga inda ta fito za ki san abin da za ki tambaya.

Daga filin dambe ta fito. A da can Turawan Ingila da hannu tsura suke dambe, babu safar hannu. A 1743 wani shahararren ɗan dambe, Jack Broughton, ya tsara dokoki: ana zana ɗan murabba'i da alli a tsakiyar fage, wanda aka kayar yana da rabin minti a dawo da shi bakin zanen, idan ya kasa an cinye shi. A 1838 aka fito da sababbin dokoki na fagen damben Landan. A nan ne aka koma karta layi ɗaya a ƙasa a tsakiyar fili, kuma wannan kartar ita ce scratch, wato dai karcen da kika sani, ba ki yi kuskure ba. Idan aka kai mutum ƙasa, turmi ya ƙare. Za a ba shi daƙiƙa 30 ya huta, masu kula da shi su yayyafa masa ruwa, sannan a kira lokaci, yana da daƙiƙa 8 ya tako da ƙafarsa, ba mai riƙe shi, ya zo ya tsaya a kan layin. Wanda ya iso, ya zo “up to scratch”, wasa ya ci gaba. Wanda bai iso ba, shi ke nan.

Saboda haka ne damben wancan zamanin yake daɗewa ƙwarai. Karawar John L. Sullivan da Jake Kilrain a jihar Misisipi ta Amurka a 1889 sai da ta kai turmi 75. Dokokin Queensberry da aka wallafa a 1867, masu safar hannu da turmin minti uku da ƙirga goma, su suka zo suka maye gurbin wancan tsari, layin ya ɓace daga fage amma ya zauna a bakin mutane.

Abin da nake so ki riƙe shi ne: a cikin wannan magana akwai layi. Abu ne da aka zana, kowa yana gani. Ba cewa ta yi ba ki da kirki ko ba ki iya aiki ba. Cewa ta yi akwai wani mizani da bayananki ba su taka ba tukuna.

Abban Sadiq: Allah ya gafarta Malam, wannan bayani ya gamsar. Amma ka ga bambancinsa da namu damben. A wurinmu da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, babu wani a ba ka daƙiƙa 30 ka farfaɗo. Su kuwa faɗuwa ba ita ce ƙarshe ba, rashin tasowa ne ƙarshe. Ina ganin wannan ma albishir ne ga Maman Ilham.

Nura Fagge: To Malam, da Hausa sai mu ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba ke nan?

Malam Habu: A'a Nura, ban yarda da wannan ba. Ɗalibaina ma da shi suke fara zuwa min duk lokacin da muka zo kan irin waɗannan maganganu. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba magana ce ta riba da asara: ka kashe kuɗi ko ƙarfi, abin da ya dawo bai kai abin da ya fita ba. Manomi ya zuba taki buhu shida ya samu abin da ko kuɗin takin bai mayar ba, wannan ita ce kwalliyar da ba ta biya ba. Manajar Maman Ilham ba lissafin riba take yi ba, awo take yi. Ni abin da na fi natsuwa da shi shi ne “bai cika mudu ba”.

Zainab Ƙofar Mata: Malam ina neman afuwa, amma ni “bai cika mudu ba” yana min nauyi a nan. Mu 'yan kasuwa idan aka ce mudunka bai cika ba, zargi ne. Ana nufin ka tauye, ka buga gindin kwanon ya lotsa ciki, ko ka share saman da hannu alhali ya kamata ya yi tsororo. Akwai ƙamshin ha'inci a ciki. Baiwar Allah nan ba ha'inci ta yi ba, ba a nuna mata yadda ake so ba ne. Ni da “bai kai ba” kawai zan fassara shi. Gajere ne kuma babu cin fuska.

Malam Habu: Hajiya Zainab, kin kawo hujja mai ƙarfi, kuma ke ce mai mudu a hannu. Sai dai akwai bambanci tsakanin “ya tauye mudu” da “bai cika mudu ba”. Na farkon laifin mai awo ne. Na biyun halin abin da aka auna ne: an zuba gero, ya tsaya ƙasa da baki. Babu wanda ya yi zamba, geron ne bai isa ba. Amma na yarda cewa kunnen ɗan kasuwa zai iya jin zargi a ciki, kuma fassarar da za ta sa mai saurare ya ji abin da ba a nufa ba tana da rauni.

Zainab Ƙofar Mata: To ai shi ke nan Malam, mun haɗu a tsakiya. A rubuce a sa naka, a baki a faɗi nawa.

Abban Sadiq: Ni kuma a Amurka wata na ji. Wani abokin aikina a kamfanin jigilar kaya ya ce sabon direban da aka kawo mana “can't cut the mustard”, bayan mako biyu kuwa aka sallame shi. Na san mustard shi ne wannan abu rawaya mai yaji-yaji da suke shafa wa burodi da nama. Amma mene ne haɗin yanka shi da iya tuƙi?

Nura Fagge: Wannan na san shi. Kuskuren baki ne. Asalinsa “pass muster” ne na sojoji, mutane suka juya muster ya koma mustard.

Malam Habu: Nura, yi a hankali da “na san shi”. Abin da ka faɗa ɗaya ne daga cikin ra'ayoyin da ake kawowa, amma masana asalin kalmomi ba su haɗu a kansa ba. Abin da yake tabbatacce shi ne maganar ta Amurka ce, ta fara bayyana a jaridunsu wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma marubucin gajerun labarai O. Henry ya yi amfani da ita a 1907. Wani ra'ayin, wanda ni ya fi kwanta min, shi ne cewa tun da daɗewa Turawa suna kwatanta zafin nama da ƙwazo da mustard saboda yajinsa, suna cewa “keen as mustard”. Kamar dai yadda mu muke ce wa yaro mai kuzari barkono ne. Wanda bai iya “cut the mustard” ba, ba shi da wannan yajin da aikin ke nema.

Shi kuwa “pass muster” asalinsa a fili yake. Muster shi ne tara sojoji a jera su a duba su, kalmar ta samo tushe daga Latin mai ma'anar nunawa. Duk wanda ya taɓa ganin faretin safe a bariki ya san abin: hafsa yana bin layi yana duba takalmi, maɓalli, aski, bindiga. Wanda aka wuce shi ba a ce komai ba ya tsallake. Wanda aka tsaya a gabansa kuwa, ranar ba tasa ba ce.

Kuma ku lura da nauyinsu ba ɗaya ba ne. “Not up to scratch” an fi faɗa wa aiki, kuma yana barin ƙofar gyara a buɗe. “Can't cut the mustard” mutumin ake nufi da kansa, cewa ba zai iya ba. Da wannan ta biyun aka faɗa wa Maman Ilham da na fi damuwa.

Ustaz Kabiru: Ƙarin fa'ida a kan mustard ɗin nan, don kada a ɗauka baƙon abu ne gare mu. Shi ne khardal na Larabci, kuma ya zo a Alƙur'ani a Suratul Anbiya aya ta 47 da Suratu Luƙman aya ta 16, inda ake misalta ƙanƙantar abu da ƙwayarsa. Da Sheikh Abubakar Gumi ya zo fassara wurin bai ari kalmar ba, sai ya ce ƙwayar komayya, domin ita ce ƙaramar ƙwayar da Bahaushe ya sani a gonarsa. Wannan shi ne irin aikin da Malam Habu da Hajiya Zainab suke yi a sama. Kuma ayar ta Anbiya a kan ma'aunan adalci na ranar ƙiyama take magana, ga shi mu ma zancen awo muke yi.

Bitrus Jos: Ustaz ka tuna min da wata. Akwai maganar Turanci mai nauyi fiye da duk waɗannan, “weighed in the balance and found wanting”. Daga Littafi Mai Tsarki ta fito, littafin Daniyel sura 5 aya 27. Sarki Belshazzar na Babila yana tsakiyar biki sai hannu ya bayyana yana rubutu a bango, Daniyel ya fassara masa cewa an auna shi a ma'auni an tarar bai kai ba, kuma a daren aka kashe shi. Turancin ya yaɗu ne ta fassarar Sarki James ta 1611. Har yau idan ɗan jarida a Birtaniya ya rubuta cewa an gwada wani minista “and found wanting”, hukunci ne ya yanke, ba gyara yake nema ba. Abin da ya burge ni shi ne kusan duk maganganun nan awo ne: layi, sikeli, jeri. Hajiya Zainab, kin ga “bai kai ba” ɗinki ya shiga nan ma daidai.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar da muka yi lakwal, wato boko, da Faransanci, namu a takardar sakamako muka san shi. Ana ba da maki bisa 20, wanda bai samu 10 ba bai kai matsakaici ba. Mushe, wato malamin makaranta, yana rubuta “insuffisant” da jan biro, ko kuma “peut mieux faire”, wato zai iya yin abin da ya fi haka. Ta biyun nan ita ta fi yi wa mahaifina ciwo, Allah ya jiƙansa. Yana cewa wanda ba shi da kai an san ba shi da kai, amma wanda aka ce zai iya bai yi ba, shi ya zaɓi hakan. Hajiya Maman Ilham, ina ganin maganar shugabarki ta fi kusa da wannan. Ta ga za ki iya.

Sagir: Ni fa gaskiya raina ɓaci yake idan na ga irin wannan. Mutum ya bar ƙasarsa, ya kwana yana wanke musu iyayen da su suka kasa riƙewa, sannan a tsaya ana masa habaici a kan rubutu. Da Baturiya ce ta rubuta haka za a ce mata wani abu? Anti kada ki bari su raina ki.

Hajiya Binta: Sagir, wariya akwai ta, na sha ta, ba zan ce maka babu ba. Amma wannan ba ita ba ce, kuma idan muka sa mata wannan suna za mu cuci 'yar uwarmu. Na ga an kira Turawa haihuwar garin an yi musu magana a kan bayanai fiye da sau goma. Dalili kuwa, a aikinmu abin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Hukumar da ke duba gidajen kula da tsofaffi a Ingila, CQC, idan ta zo takardu take fara buɗewa, kuma matakai huɗu take bayarwa: na ƙoli, mai kyau, mai buƙatar gyara, da wanda bai wadatar ba. Manaja tana tsoron na ukun nan kamar me. Bayan haka ma, idan tsoho ya samu gyambon kwanciya ko ruwan jikinsa ya ƙare aka kai shi asibiti, bayanan ne za su nuna ko an juya shi a kan lokaci, ko an ba shi ruwa. Su ne kuma za su kare ita Maman Ilham ɗin ranar da iyalai suka zo da tuhuma. Maman Ilham, faɗa min, yaya kike rubutawa?

Maman Ilham: Hajiya, a 'yar kwamfutar hannu muke shigarwa. Nakan rubuta kamar “ta yi barci lafiya, ta sha ruwa, an juya ta”. Wallahi kuma duk ina yi, ko wace awa biyu ina shiga ɗakin.

Hajiya Binta: To ga matsalar nan. Ban yi shakkar kina yi ba. Amma “ta sha ruwa” nawa? Suna son ki ce ƙarfe 2:10 an ba ta mililita 200, ta sha 150, ta ƙi sauran. “An juya ta” zuwa wane ɓangare, ƙarfe nawa, ke da wa, kuma yaya fatar ƙugunta da diddigenta take, ta yi ja ko ba ta yi ba. Ki kuma riƙa shigarwa a lokacin da kika yi, kada ki tara sai asuba, domin na'urar tana nuna lokacin da aka rubuta. Mu mun taso a inda ake yarda da baki, idan ka ce ka yi to ka yi. Nan kuwa lamba suke so.

Nura Fagge: Na janye maganata ta farko Anti, ki yi haƙuri. Malam tambaya ɗaya ta ƙarshe: “below par” fa? Na ji mai sharhin ƙwallo yana faɗa wa 'yan wasa.

Malam Habu: Ita ma 'yar gidan ce. Par kalmar Latin ce mai nufin daidai. A kasuwar hannun jari, takardar da ake sayarwa ƙasa da ƙimar da aka rubuta a fuskarta ta faɗi ƙasa da par. Ɗan wasan da aka ce haka a kansa bai yi yadda ya saba ba. A Ingila ma mutum yakan faɗe ta a kan jikinsa idan yana jin ba daidai ba. Wuri ɗaya ne take juyewa, wasan golf: can par shi ne adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi, galibi 72 a ramuka 18, kuma wanda ya yi ƙasa da haka shi ne ya yi fice. Da Hausa zan ce “yau ba shi ba ne”, ko “bai yi kamar yadda aka san shi ba”. Ka ga ita da kansa ake auna mutum, ba da layin da wani ya zana ba.

Maman Ilham: 'Yan uwa na dawo da labari. Yau na je da wuri kafin manajar ta tashi, na ƙwanƙwasa na ce mata na yi tunani a kan maganarta, ina so ta nuna min bayanin da ya kai yadda take so in gani da idona. Ta ajiye makullin motarta a kan tebur, ta ja min kujera. Ta buɗe nawa na daren Talata, ta buɗe na wata ma'aikaciya da ta daɗe a gidan, ta jera su. Nawa layi uku, nata kusan layi goma sha biyar, kowanne da lokacinsa da adadinsa, har da cewa tsohuwar ta farka ƙarfe uku tana kiran sunan mijinta, aka zauna da ita minti goma har ta koma barci. Ni ma na sha yin wannan zaman da ita, ban taɓa sanin abin rubutawa ba ne. Ta ce za ta sake duba nawa bayan mako biyu, kuma ta haɗa ni da waccan ma'aikaciyar a daren Juma'a da Asabar. Hajiya Binta, na kwafi misalin ruwan nan da kika ba ni a 'yar takarda, tana aljihun rigar aikina. Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya.

Hajiya Binta: Amin ƙanwata. Ki riƙa duba diddige da kyau, can ne ja yake fara fitowa kuma can aka fi mantawa. Idan mako biyun ya cika ki zo ki faɗa mana yadda kuka yi.